Maƙalewar Mai a Hudojin Dutse da Ƙasa: Nazari kan Tafiyar Mai da Ruwa Tare

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ɗanyen mai da ruwa ke raba hanya a cikin hudojin dutse da yashi, da dalilin da ya sa wani kaso na man kan maƙale duk ƙarfin famfon da aka sa. Hujjarta ita ce, abin da ke hana masu haƙar mai kwashe rijiya tas shi ne ke hana masu tsabtace gurɓatacciyar ƙasa gama aikinsu.

Gabatarwa

A 1856 injiniyan Faransa Henry Darcy ya wallafa gwajin da ya yi da yashi yayin aikin ruwan sha na birnin Dijon. Ya nuna cewa yawan ruwan da ke ratsa yashi yana ƙaruwa daidai da bambancin matsi tsakanin mashiga da mafita. Ruwa kaɗai ya gwada. A rijiyar mai kuwa, mai da ruwa suna gogayya kan hanya guda. Wyckoff da Botset sun nuna a 1936, da iskar gas da ruwa, cewa idan abu biyu suka haɗu a yashi kowanne yakan tauye ɗan'uwansa, har jimillar abin da suke wucewa da shi ba ta kai ta guda ɗaya shi kaɗai ba. Buckley da Leverett suka ɗora a 1942 da lissafin yadda ruwan da aka tura ke kora mai a gabansa.

Yadda mai ke maƙalewa

Hudojin dutsen yashi ba su da faɗi iri ɗaya: akwai ɗaki mai yalwa, akwai siririn maƙogwaro da ke haɗa shi da na gaba. A dutsen da ruwa ya fi kama jikinsa, ruwan kan bi bango ya shige lunguna da kansa, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, mai kuma ya tsaya a tsakiya. Da ruwan bango ya yi kauri a maƙogwaro sai ya tsinke zaren man, ya bar ɗigo a ɗaki, ba shi da haɗi da sauran. Roof ya bayyana wannan tsinkewa a 1970. Ɗigon ba zai fita ba sai ya matse kansa ta maƙogwaron, matsin da hakan ke buƙata kuma ya zarce na turin ruwan da aka saba yi nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake zuba sinadarai masu aiki irin na sabulu, su sassauta ɗaurin da ke tsakanin mai da ruwa.

Akwai kuma matsalar kauri. Idan man ya fi ruwa kauri sosai, ruwan ba ya tafiya a jere, sai ya ɓulla yatsu-yatsu ya isa rijiyar fitarwa da wuri ya bar mai a baya, abin da Saffman da Taylor suka fayyace a 1958.

Ƙasar da mai ya gurɓata

A ganin mai wannan nazari, nan ne aka fi yi wa wannan ilimi riƙon sakainar kashi. A 1979 bututun ɗanyen mai ya fashe kusa da Bemidji a jihar Minnesota ta Amurka, lita kusan miliyan 1.7 ta zube. Bayan an kwashe abin da ya kwasu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya zauna a ƙasa, masu bincike kuma sun shafe shekaru gommai suna bibiyar sa a wurin. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, na 2011, ya tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a Nisisioken Ogale, da sinadarin benzin a ruwan rijiyoyi fiye da ninki 900 na ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Man da ke yawo a sama shi ne mai sauƙin zuƙewa. Mai wuyar shi ne wanda hawa da saukar ruwa suka shafe a jikin ƙasa. Da damina ruwa ya taso ya tsinke man ya binne shi ɗigo-ɗigo; da rani ruwa ya ja baya, man ya tsiyayo ya sake taruwa. Saboda haka rijiyar gwaji kan nuna mai da yawa da rani, ta nuna kaɗan ko babu da damina, alhali abin da ke cikin ƙasa bai ragu ba, yana nan yana narkar da benzin cikin ruwan da ke wucewa. Duk awon da za a yanke hukunci da shi cewa wuri ya tsarkaka, wajibi ne ya ratsa rani da damina, a kuma haɗa shi da gwajin ƙasar da aka haƙo daga tsakanin iyakar hawan ruwa da iyakar saukarsa.