Aikin da Ido Ba Ya Gani a Jikin Jita

Idan muka ga jita tana ƙyalli a hannun mawaƙi, fentin muke yaba wa. Amma masu ƙera ta sun daɗe da sanin cewa fenti ba ya rufa wa katako asiri. Duk ƙarzanen da aka bari, duk ɗigon gam da ya bushe, shafin farko ne zai tona shi.

Bari mu fara da Antonio de Torres, wanda aka haifa a 1817 kusa da Almeriya a kudancin Sifaniya, ya rasu a 1892. Shi ya daidaita siffar jitar Sifaniya da muka sani a yau. A 1862 ya ƙera wata jita da bayanta da gefenta na takarda ne da aka manna, don ya nuna cewa daga allon gaba sauti yake fitowa. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona.

Wannan allon na gaba kaurinsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, kuma nan haɗarin yake. Mai kankara da ya zarce ya raunana shi, wanda ya lafta masa fenti mai kauri kuma ya toshe masa murya. Shi ya sa ake bin sa a hankali da faifan ƙarfe mai kaifi, sannan da samfefa, ana bin kwanciyar zaren itacen. Akan shafa ɗanyen tsumma don gashin katakon ya miƙe, a bari ya bushe, a sake gogewa.

Baya da gefe nasu aikin daban ne. Itatuwa irin su mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, suna da ƙananan ramuka a jikinsu. Masu aikin gargajiya sukan cike su da garin dutsen da ke fitowa daga aman wuta, suna murzawa da ƙunshin auduga har fuskar ta yi sumul. Sai a bi da shelak, ƙaron da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a bishiyoyin Indiya da Tailan, ana narka shi a sifirit. Shafi ɗaruruwa ne siri-siri, aikin makonni.

A farkon shekarun 1920 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da Duco, fentin feshi mai saurin bushewa da aka yi wa motoci. Kafin shekarun su ƙare, masana'antun jita irin su Martin sun koma irin wannan feshin. A shekarun 1950 Fender ya riƙa yi wa jitocinsa na lantarki launukan motoci, zuwa ƙarshen shekarun 1960 kuma ya koma fentin roba mai kauri da tauri, wanda ke rage wahalar gyaran fuska.

Sai dai abin da ya dace da dunƙulen katakon jitar lantarki bai dace da siririn allon Torres ba. Har gobe, da yawa daga masu ƙera jita da hannu suna nan kan shelak. Kafin su tsoma auduga, sukan kashe fitilun shago su bar guda ɗaya, su kwantar da haskenta a gefen katakon, suna neman inuwar ƙarzanen da ya rage.