Shagaltar da Yaro a Lokacin Allura: Gurbin Tatsuniya a Jinyar Ciwon Daji na Yaran Kazaure da Kewaye

Yaron da aka gano yana da ciwon daji a Kazaure, Babura, Roni ko Gwiwa, galibi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ake tura shi. Idan cutar sankarar Burkitt ce, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kuma take yawaita inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, jinyar ta ƙunshi ɗibar jini, neman jijiya, da zura magani ta allurar gadon baya, zagaye bayan zagaye. Wannan maƙala na ganin cewa ɗauke hankalin yaro a waɗannan mintoci sashe ne na magani, kuma kayan aikinsa na nan tare da mai jinya.

Hujjar ta faro daga nazarin Melzack da Wall na 1965, wanda ya nuna cewa laka da ƙwaƙwalwa na iya rage saƙon zafi ko ƙara shi, har da gwargwadon inda hankali ya karkata. Bitar Cochrane ta 2018 kan allurar yara ta gano cewa shagaltarwa na rage zafi da firgici, ko da yake ingancin binciken da aka tattara bai taka kara ya karya ba. A ƙasashen Turai ana amfani da majigi da wasannin kwamfuta. A nan kuwa, uwa ko kaka da ke zaune a gefen gado ta san Gizo da Ƙoƙi, ta san kacici-kacici, wanda a ganina ya fi tatsuniya ma dacewa, domin yana tilasta wa yaro neman amsa maimakon sauraro kawai. Matsalar ita ce, da allura ake yi wa yaro barazana a gida tun yana ƙarami, a asibiti kuma a danne shi, a ce namiji ba ya kuka. Yaron da aka danne sau ɗaya, da wuya ya miƙa hannu karo na biyu.

Za a ce al'ada ta keɓe tatsuniya ga dare. Wannan ƙaramin cikas ne, tunda waƙa da ƙirga da hura balan-balan ba su da lokaci. Suka mafi nauyi ita ce, abin da ke sa iyaye barin jinya kuɗin magani ne da na mota, ba kukan yaro ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta sa burin ceto kashi 60 cikin ɗari na yara masu ciwon daji nan da 2030, magani take nufi. Gaskiya ne. Amma uwar da ta sayar da akuyarta don ta kai ɗanta Kano, idan ta ga ana danne shi yana shure-shure, tana da dalili biyu na ƙin komawa, kuma kawar da ɗaya daga ciki ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Haɗarin da ya rage shi ne a mayar da labari madadin maganin kashe zafi: allurar gadon baya na buƙatar maganin kashe wuri, da Gizo ko babu shi.