Shagon Kai da Kasuwar Kowa: Fita da Komowar Masu Wallafa Wasannin Kwamfuta

Tsakanin shekarar 2011 da 2019, da yawa daga cikin manyan kamfanonin da ke wallafa wasannin kwamfuta a Amurka da Turai sun kwashe kayansu daga Steam, babbar kasuwar intanet ta kamfanin Valve, kowa ya je ya buɗe nasa shagon. Kafin 2023 ta ƙare, mafi yawansu sun dawo da ƙafarsu, ba wanda ya tilasta su. Abin da aka fi faɗa game da wannan kai-komo shi ne rigima ce a kan la'ada, wato kashi 30 cikin ɗari da Valve ke cira daga kuɗin kowane wasa. La'adar ce ta kunna wutar, babu shakka. Amma a ganina tarihin yana nuna abin da ya fi haka: kamfanonin sun ɗauka tunda wasan nasu ne, to masu sayensa ma nasu ne, duk inda suka koma za a bi su. Sai da suka kashe shekaru da dukiya mai yawa suka gane cewa abin da suke biyan la'ada a kansa taron jama'a ne da ya riga ya zauna wuri ɗaya, kuma ba a ɗaukar taro a kai a sauya masa wuri.

Kafin intanet ta yi ƙarfi, wasa kaya ne da ake riƙewa a hannu. A shekarun 1990 mai wallafawa shi ke biyan kuɗin buga faifai, da kwali, da ɗan littafin bayani, da dako, sannan ya lallaɓi manyan kantuna irin su Walmart da Electronics Boutique su ba shi wuri a kan kanta. Kanti ya ɗauki rabonsa, mai sari ya ɗauki nasa, abin da bai sayu ba kuma a rage masa farashi ko a mayar wa mai shi. Waɗanda suka zauna suka ƙirƙiri wasan su ne na ƙarshe a layin rabo. Tun a lokacin akwai masu neman hanyar kauce wa kanti. A watan Disamba na 1993 kamfanin id Software ya saki kashin farko na wasan Doom kyauta, kowa ya kwafa ya ba abokinsa, wanda ya ji daɗi kuma ya aika kuɗi kai tsaye a turo masa sauran. Ke nan burin sayarwa ba tare da ɗan tsakiya ba ya girmi duk shagunan intanet na yau.

Abin da ake yawan mantawa shi ne Steam kansa shagon kai ne a farkonsa. Gabe Newell da Mike Harrington, tsofaffin ma'aikatan Microsoft, su suka kafa Valve a 1996. Damuwar kamfanin a farkon shekarun 2000 ba ciniki ba ce: wasansa Counter-Strike ya cika duniya, duk sanda aka fitar da gyara sai 'yan wasa su rabu, wasu sun sabunta wasu ba su sabunta ba, ga kuma masu maguɗi sun yi yawa. Aka ƙaddamar da Steam a watan Satumba na 2003 don ya riƙa sabunta wasa da kansa. Da Half-Life 2 ya fito a Nuwamba 2004, sai Valve ya ce ko wanda ya sayi faifai a kanti dole ya buɗe asusu a Steam kafin wasan ya tashi. Na'urorin kamfanin suka kasa ɗaukar cunkoson, mutane suka yi ta jira da kwalin da suka biya a hannu, aka zagi Steam zagin da daga baya aka yi wa kowane sabon shago. A daidai lokacin Valve na gaban kotu da Vivendi, kamfanin da ke wallafa masa wasanni, kuma haƙƙin sayarwa ta intanet yana cikin abin da ake jayayya a kai. Sun sasanta a 2005, Valve ya samu 'yancinsa, kuma a shekarar ne ya fara karɓar wasannin wasu, irin su Rag Doll Kung Fu da Darwinia. Ga ƙaramin mai ƙirƙira na wancan zamani, a ce ka riƙe kashi 70 na kuɗin wasanka alheri ne da bai taɓa gani a kanti ba. Zuwa ƙarshen 2008 manya irin su Activision, Ubisoft da Electronic Arts duk sun shigo.

Da ciniki ya koma intanet sosai, sai kashi 30 ɗin nan da aka yi wa marhabin ya fara yi wa manya nauyi. Lissafin ba shi da wuya. Wasan da ake sayarwa dala 60, dala 18 na Valve ne. In an sayar da kwafi miliyan ɗaya, dala miliyan 18 sun tafi ga wanda bai rubuta ko layi ɗaya na wasan ba, bai kuma buga faifai ba. Bayan kuɗi akwai sanin mai saye: sunansa, abin da yake bugawa, sa'o'in da yake ɓatawa, da hanyar tallata masa ƙarin kaya bayan ya sayi wasan. Electronic Arts ne ya fara ɓallewa. A watan Yuni na 2011 ya buɗe shagonsa Origin, wasanninsa Crysis 2 da Dragon Age II suka ɓace daga Steam sakamakon saɓani a kan yadda za a sayar da ƙarin sassan wasa, Battlefield 3 kuma bai je can ba a lokacin da ya fito. Activision ya kai Destiny 2 a 2017 da Call of Duty: Black Ops 4 a 2018 zuwa Battle.net, dandalin ɗan uwansa Blizzard. Bethesda ya saki Fallout 76 a manhajarsa a 2018. Ubisoft, wanda ke da shagonsa Uplay a lokacin, ya daina kai sababbin manyan wasanninsa Steam tun daga The Division 2 a 2019. Babu wanda zai ce waɗannan ba su da kayan da ake so, domin a cikinsu akwai wasannin da suka fi kowane ciniki a duniya.

Duk da haka sun komo ɗaya bayan ɗaya. Electronic Arts ya dawo da Star Wars Jedi: Fallen Order a Nuwamba 2019, bayan shekara takwas. Wata guda bayan haka Microsoft, mai Windows ɗin da ake buga wasannin a kansa, wanda kuma yake da shagonsa a cikin kowace kwamfuta, ya kawo tarin wasannin Halo zuwa Steam. Bethesda ya rufe manhajarsa a watan Mayu na 2022 ya ba mutane damar kwashe wasanninsu zuwa Steam. Call of Duty ya dawo a Oktoba 2022, Ubisoft ya biyo da Assassin's Creed Valhalla a Disamba, Blizzard ma, wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana cin gashin kansa, ya kawo Overwatch 2 da Diablo IV a 2023. A shari'ar da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta yi da Microsoft a 2023 kan sayen Activision, lauyoyin Microsoft da kansu sun rubuta cewa killace Call of Duty a Battle.net bai yi nasara ba, kuma bai ƙara wa dandalin jama'a yadda aka so ba. Dalilin yana wurin mai saye. Mutumin da ya shekara goma a Steam yana da ɗaruruwan wasanni a wuri ɗaya, abokansa suna can, yana karanta ra'ayin waɗanda suka riga shi saye, yana jiran babban rangwamen bazara da na hunturu, yana sauke gyare-gyaren da 'yan wasa suka yi da kansu ta sashen Workshop na Steam tun 2011, kuma tun 2015 yana iya karɓar kuɗinsa in bai wuce kwana 14 da saye ba kuma bai buga sa'a biyu ba. Shagon kamfani ɗaya ba shi da abin da zai ba shi sai wasa ɗaya ko biyu a shekara, da wata kalmar sirri da zai haddace. Yana shiga ya buga abin da ya kawo shi ya fita. Wanda kuma bai riga ya ƙudurta sayen wasan ba, ba abin da zai kai shi can har ya gani ya yi sha'awa. Hausawa sun ce kasuwa a kai miki dole, kuma ribar kashi ɗari a kan ciniki kaɗan ba ta kai kashi 70 a kan ciniki mai yawa ba.

Kamfanin Epic Games ya fi kowa gwada wannan magana da gaske, domin shi ba shagon kai kaɗai ya buɗe ba, kasuwar kishiya ya kafa. A Disamba 2018, da kuɗin wasansa Fortnite a aljihu, shugaban kamfanin Tim Sweeney ya buɗe Epic Games Store da la'adar kashi 12 kacal. Ya riƙa raba wasanni kyauta a kai a kai, ya kuma biya masu wallafawa don su killace wasanninsu a wurinsa na wani lokaci: an janye Metro Exodus daga Steam ana saura 'yan makonni ya fito a 2019, Borderlands 3 kuma ya yi wata shida kafin ya isa can. Takardun da suka fito a shari'ar Epic da Apple a 2021 sun nuna ɗaruruwan miliyoyin daloli da aka zuba a wannan hanya, kuma a Nuwamba 2023 shugaban shagon, Steve Allison, ya shaida a gaban kotu cewa har lokacin bai fara riba ba. Ragin la'ada alheri ne ga mai sayarwa, amma mai saye bai gan shi a farashi ba a mafi yawan lokuta, don haka ba shi da dalilin tashi daga inda ya saba.

Wani zai ce ai akwai waɗanda suka tsaya da ƙafarsu ba su durƙusa ba, kuma gaskiya ne. Markus Persson ya fara sayar da Minecraft daga shafinsa a 2009, bai kai shi Steam ba, har Microsoft ya sayi kamfaninsa Mojang a kan dala biliyan 2.5 a 2014. World of Warcraft tun 2004 yana gidansa. League of Legends da Valorant na Riot Games, da Fortnite kansa, duk suna da ƙofarsu. Sai dai a duba irin waɗannan wasanni. Ba waɗanda ake saya a gama a ajiye ba ne. Mutum yana shiga kullum, shekara da shekaru, abokansa na ciki, cinikin ma a ciki ake yi. Wasan da kansa ya zama wurin taruwa, saboda haka ba ya bukatar hayar taron wani. Misalan ba su rushe hujjar ba, sun nuna iyakarta ne: mai taro nasa yana iya zama shi kaɗai, kuma irinsa ƙalilan ne. Kuskuren Electronic Arts da Bethesda shi ne auna kansu da wannan mudu.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ban ga yadda za a ture ta gaba ɗaya ba. Masu ita suna cewa komowar kamfanoni ba shaidar nagartar Steam ba ce, shaidar babakere ce: in manya masu biliyoyi sun kasa rayuwa a waje, ina ga ƙananan? Akwai gaskiya a nan. A ƙarshen Nuwamba 2018, 'yan kwanaki kafin Epic ya buɗe shagonsa, Valve ya sauya tsarin la'ada: kashi 30 har zuwa cinikin dala miliyan 10, kashi 25 daga nan zuwa miliyan 50, kashi 20 a kan abin da ya haura. Ke nan ficewar manya ba ta tafi a banza ba, domin sun dawo a kan farashi mai sauƙi fiye da wanda suka bari. Amma ragin ya sauka ne a kan waɗanda suka iya yin barazanar tafiya. Mutum biyu ko uku da suka yi shekaru suna gina ɗan wasansu, waɗanda ba za su taɓa ganin miliyan 10 ba, har yau kashi 30 cur suke biya, a kasuwar da dubban sababbin wasanni ke shiga kowace shekara tun bayan da aka buɗe ƙofa ga duk mai dala 100 a 2017. Taron da ake biyan la'ada dominsa ba lallai ya ga kayansu ba. Wannan rashin adalci ne, kuma shi ya fi cancantar a yi ta magana a kansa fiye da kukan manya. Ƙaramin kamfanin Wolfire Games ya kai Valve ƙara a 2021, yana zargin cewa ana hana masu wasa sayarwa da araha a wasu shagunan, kuma a 2024 kotu ta yarda ƙarar ta wakilci sauran masu ƙirƙira. In zargin ya tabbata, to wani ɓangare na ƙarfin Steam ba daga son jama'a ya fito ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne kwamfuta a buɗe take: an fita, an buɗe shaguna, GOG na kamfanin CD Projekt na Poland yana nan tun 2008 yana sayar da wasanni ba tare da makullin hana kwafa ba, kuma ba wanda ya hana mai saye zuwa.

A waya labarin daban ne, kuma haɗa su a kwando ɗaya shi ke rikitar da muhawarar. Apple ya buɗe App Store a 2008 da irin wannan kashi 30, amma shekara da shekaru a iPhone babu wata ƙofa sai tasa. Ko a Android, wadda ita mafi yawanmu muke riƙewa, Epic ya gwada raba Fortnite daga shafinsa a 2018, gargaɗin tsoratarwa da wayar ke nuna wa mai saukewa ya sa ya haƙura ya shiga Google Play a Afrilu 2020. A ranar 13 ga Agusta 2020 ya sa hanyar biyan kuɗi tasa a cikin wasan da gangan, Apple da Google suka cire shi a ranar, shi kuma ya shigar da ƙara. A 2021 mai shari'a Yvonne Gonzalez Rogers ta ba Apple gaskiya a mafi yawan tuhume-tuhumen, sai dai ta hana shi toshe bakin masu manhaja daga nuna wa mai saye wata hanyar biya. A Disamba 2023 masu taimaka wa alƙali suka samu Google da laifin babakere. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai ce ta sa Epic ya iya buɗe shago a iPhone a can a 2024, Fortnite kuma bai koma App Store na Amurka ba sai a Mayu 2025, bayan kusan shekara biyar. A kwamfuta an gwada shagon kai an ga iyakarsa, har Electronic Arts ya rufe Origin a Afrilu 2025 bayan ya maye gurbinsa da wata manhajar. A waya kuwa gwajin yanzu aka fara shi, kuma kotu da majalisa ne suka buɗe ƙofar, don haka ba daidai ba ne Apple ko Google su kafa hujja da komowar kamfanoni Steam don kare la'adar da ba a taɓa bai wa kowa damar ƙin biyanta ba.