Carbil

carbil (suna, namiji, masana tsirrai na kiran sa Anthriscus cerefolium). Ganyen ƙamshi ne ɗan gidan su karas, mai laushi da tsaga-tsaga, tsayinsa kan kai santimita 40 zuwa 70. Asalinsa yankin Kokeshas ne, Rumawa suka yaɗa shi a Turai, amma Faransawa ne suka riƙe shi hannu bibbiyu: suna barbaɗa shi a wainar ƙwai, kifi, kaza da romo.

Wajen shuka yana da tsirfa. Ba ya son dashe, domin saiwarsa ɗaya ce doguwa, sai a zuba irin a inda zai zauna. Yana son inuwa-inuwa da ƙasa mai danshi. Da zafi ya taso sai ya yi sauri ya fid da fure, ganyen ya lalace, shi ya sa a ƙasa mai zafi sai da sanyin hunturu. Ana fara tsinka bayan mako 6 zuwa 8.

Ɗanye ake amfani da shi, a zuba dab da sauke tukunya, don wuta na kashe ƙamshinsa. Busasshensa kuwa asarar kuɗi ce. Hattara da na daji: yana da 'yan'uwa masu dafi da suka yi kama da shi.