Sunan Greenberg: Asalinsa da Masu Amsa Shi

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin nazarin Hausa ya ci karo da sunan Greenberg. Asalinsa Grünberg ne a Jamusanci, Grinberg kuma a Yidish, harshen Yahudawan tsakiya da gabashin Turai. Ma'anarsa "koren dutse".

A da, yawancin Yahudawan yankin ba su da sunan zuriya. Wane ɗan wane ake cewa, kamar yadda muke yi. A 1787 Sarki Joseph na II na Ostiriya ya tilasta musu ɗaukar sunaye na dindindin, Furushiya ta bi sahu a 1812. Ta haka gidaje da yawa suka haɗu a suna guda ba tare da sun haɗa jini ba. Saboda haka kada ɗalibi ya ɗauka Clement Greenberg (1909-1994), mai sharhin zane-zane a Amurka, ɗan'uwan Uri Zvi Greenberg (1896-1981) ne, wanda ya rubuta waƙoƙi da Yidish da Ibrananci.

Wanda ya shafe mu shi ne Joseph Greenberg (1915-2001), haifaffen Brooklyn. Ya yi bincike kan addinin Maguzawa a ƙasar Kano a 1938 da 1939. A littafinsa The Languages of Africa (1963) ya yi watsi da rukunin Hamitik, wanda a ganina launin fata ya gina shi, ya sanya Hausa a reshen Cadi na iyalin Afro-Asiya. A wannan rabo Hausa dangin Larabci da Ibrananci ce, Yidish kuwa ɗan'uwan Jamusanci ne.