Abin da ya kamata a sani kafin a ƙara wa tsohuwar akori-kura girman birki

A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato, har yanzu tsofaffin motocin akori-kura na cikin waɗanda ke kwaso gero da dawa da wake da dabbobi daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Da yawa daga cikinsu mallakar 'yan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati mazauna birni, waɗanda ke damƙa su ga direbobi. Daga hanyoyin burji suke hawa babban titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Tambuwal zuwa Jega, inda suke gogayya da tireloli da tankoki. Wannan ne ya sa wasu masu motocin ke neman a sauya musu birki da wanda ya fi girma.

Motocin da ake magana a kansu

Fitattu a cikinsu su ne Peugeot 404 da 504, waɗanda jama'a ke kira Fijo, sai tsofaffin samfurin Toyota Hilux. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968, shekarar da Hilux ta fara fitowa a Japan. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya soma harhaɗa motoci a 1975, abin da ya sa kanikawan Arewa suka laƙanci waɗannan motoci ciki da waje. An tsara birkinsu ne bisa nauyin da kamfani ya ƙayyade, wanda lodin ranar kasuwa kan zarce shi nesa ba kusa ba.

Yadda birki ke aiki

Idan direba ya taka birki, famfon da kanikawa ke kira masta yana tura man birki ta cikin bututu zuwa ƙafafun mota. A birki mai ganga, takalman birki ne ke buɗewa su gogi cikin gangar. A birki mai faifai kuwa, wani maƙe da ake kira kalifa ne ke damƙe faifan daga ɓangarori biyu. Ko wanne ne, gogayyar tana mayar da ƙarfin gudun mota zuwa zafi.

Idan nauyi ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka. Idan gudu ne ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu. Wato tsayar da mota daga gudun kilomita 80 a awa aiki huɗu ne in an kwatanta da tsayar da ita daga kilomita 40. Ganga a rufe take, don haka ba ta saurin hucewa, balle a bazarar Sakkwato da zafi kan haura digiri 40. Da zarar ta yi zafi fiye da kima, birki sai ya riƙa sulɓi ko da an danne shi da ƙarfi.

Abin da babban birki ke ƙarawa

Faifai mai faɗi da kauri, musamman mai ramukan iska a tsakiya, yana jure zafi kuma yana saurin hucewa. Amfaninsa na fitowa ne a inda ake yawan taka birki da kaya a baya. Sai dai idan birkin da ke jikin motar yana iya kulle tayoyi, babba ba zai rage tazarar tsayawar gaggawa ba, domin a nan riƙon taya da ƙasa ne ke yanke hukunci. Tayar da ta suɗe za ta ja a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi komai girman birkin. Haka kuma babban birki bai ƙara wa sifirin da gindin mota ƙarfin ɗaukar lodi.

Abubuwan da dole su dace da juna

Na farko shi ne masta. Babban kalifa na buƙatar mai da yawa, in aka bar ƙaramin masta sai ƙafar direba ta nutse kafin birki ya kama. Ana kuma duba busta, tukunyar da ke rage wa ƙafa wahalar dannawa.

Na biyu, daidaito tsakanin gaba da baya. Ƙafafun gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Idan birkin baya ya fi ƙarfi, akori-kurar da ba kaya za ta kulle tayoyin baya ta juya a kan titi. Saboda haka kada a cire bawul ɗin da ke daidaita ƙarfin mai zuwa baya, in motar tana da shi.

Na uku, girman wili. Babban faifai kan tilasta sauya wili, misali daga inci 14 zuwa 15, tare da tayoyin da aka yi don ɗaukar kaya.

Na huɗu, mazaunin kalifa. Ya zama ƙarfe mai kauri da aka ɗaure da ƙusoshi masu ƙwari. Yin walda a jikin ƙarfen da ke juya ƙafar gaba ganganci ne, domin zafin wuta na raunana shi.

Na biyar, birkin hannu. Duk wanda ya mayar da gangar baya faifai ya tabbata bai rasa shi ba.

Gyaran da ya fi araha

Sau da yawa matsalar ba ta girma ba ce. Man birki na tsotsar danshi, kuma hakan na sa ya tafasa da wuri. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma in sun sha danshi ma'aunin kan sauko zuwa 140 da 155. Shi ya sa ake son a sauya shi duk shekara biyu, kuma ba a gauraya su da DOT 5. Sauya tiyon roba da ya tsattsage, fitar da iska daga bututu, da sa takalma masu inganci kan dawo da birki hayyacinsa. Lambobi huɗu da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.

Saye da gwaji

Mai neman kaya a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya tafi da bakanikensa, a sayi saiti guda daga mota iri ɗaya, a auna kaurin faifan, a kuma sauya hagu da dama tare. Bayan haɗawa, a gwada motar a filin da ba jama'a, da kaya da kuma babu kaya, a lura ko tana fizga gefe guda. Sabon birki na son a riƙa taka shi a hankali a tafiye-tafiyen farko har ya zauna.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana hukunta masu lodin da ya wuce ƙa'ida, ko da kuwa an sauya wa motar birki. Mai mota da ke zaune a birni ya dace ya faɗa wa direbansa iyakar buhunan da zai ɗauka, ya kuma riƙa neman ganin birki da tayoyi da idonsa kafin kakar amfanin gona ta kama.