Kiɗan Goge: Asalin Takensa da Yadda Ake Gadonsa

Goge kayan kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya. Ana yin sa da rabin ƙwarya a rufe ta da fatar guza, a soka sanda ta ratsa ta, sannan a ɗaura tsirkiya ta gashin jelar doki. Da izga ake goga shi, ita ma ta gashin doki ce, kuma daga wannan gugar ya samo sunansa. Ƙanensa shi ne kukuma, wadda ta fi shi ƙanƙanta da zaƙin murya.

Masana da dama na danganta asalinsa da rababa ta Larabawa, suna ganin ya ratso Sahara ne tare da ayarin fatake. Danginsa sun bazu a Afirka ta Yamma: Zabarmawa na da goje, Dagomba na ƙasar Ghana na da gonje, Fulani na da nyanyeru, Buzaye kuma na da imzad, wanda mata ke kaɗawa, wanda kuma UNESCO ta sa cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2013. Yarbawa ma sun ɗauke shi cikin kiɗan sakara, inda Yusuf Olatunji, wanda ya rasu a 1978, ya yi fice.

Sai dai abin da ya fi ƙwarya da fata daraja shi ne take. Tsofaffin taken goge a wasan bori suka fi samun mafaka. Kowane iska yana da nasa: na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, haka na Inna da na Malam Alhaji. A wajen masu bori, idan makaɗi ya kuskure take, iskan ba zai sauka ba. Wannan tsanani ne ya hana a riƙa sauya su yadda aka ga dama, shi ya sa suka daɗe da kamanninsu fiye da kiɗan nishaɗi, wanda ke bin yayi.

Ba a rubuta take a takarda. Yaro yakan fara ne da ɗaukar wa maigidansa kaya, daga nan ya zauna cikin masu kaɗa ƙwarya da 'yan amshi. Shekaru yakan yi yana sauraro kafin a miƙa masa izga, kuma a lokacin kunnensa ya riga ya haddace abin da yatsunsa za su nema. Wani a gidansu ya gada, wani kuwa sha'awa ce ta kai shi ga ubangida. Sunan Audu Yaron Goge kansa na tuna wannan tsari.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya raba bori da fadojin ƙasar Hausa, malamai kuma suka daɗe suna ƙyamar goge saboda alaƙarsa da bori da gidajen shaƙatawa. A Maraɗi da Tsibiri, inda sarakunan Katsina da Gobir suka sake kafa mulki, al'adar ta ci gaba a sarari. A ƙarni na 20 kukuma ta buɗe wata ƙofa: Ibrahim Na Habu, Ali Makaho, Garba Supa da Hassan Wayam sun kai ta gidajen biki da rediyo, da waƙoƙin yabo da na zaman duniya.

Dawowar shari'ar Musulunci a jihohin Arewa daga shekarar 2000 ta ƙara takura bori, fiyano da situdiyo kuma suka karɓe kasuwar biki. Faya-fayan da gidajen rediyo irin na Tarayya da ke Kaduna suka naɗa sun adana wani kaso, amma galibi na waƙoƙin da suka yi tashe ne. Harhaɗa sabon goge aikin 'yan kwanaki ne. Taken da tsohon makaɗi ya rasu da shi bai koya wa yaronsa ba kuwa, babu inda za a sake samo shi.